Wanda Ya Kawo Kabir Gida

Da sanyin safiya Inuwa ya fara ganin Maijidda, a daminar 1987, a bakin wani rafi mai gangarawa Kubanni. Ita da gwaggonta Barira za su ƙetare zuwa ƙauye gaisuwar mutuwa. Ruwan yana hayaƙi kamar an buɗe tukunya, wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya bai kula kowa ba.

Ya ɗauke su a ɗan kwalekwalensa. Ita kuwa hannunsa take kallo, yatsunsa shida.

"Malam, ba ka tsoron ruwan nan?"

"Shi ya raine ni. Yau ne dai idona ya ƙi tsayawa a kansa."

Gwaggo Barira ta ce, "Kai, tuƙa mu! Ba zance muka zo ba."

Bayan mako biyu takarda ta iso gidansu Maijidda a Ƙofar Jatau, da ajami: "Hasken asubata, tun ranar nan kifi ya daina yi mini daɗi. In an yarda, zan turo manya. Naki, Inuwa."

Ba a yarda ba. Mahaifinta, Malam Shehu, ya ce, "Gidan da ake yanka wa ruwa baƙar kaza? Ga Nasidi akawu, ɗan mutunci, yana jira." Maijidda ta yi ta kuka har ta rame.

Da ruwa ya cika a watan Agusta, yayanta Kabir ya je wanka rafi, bai dawo ba. Kwana biyu masunta na nema. Sai Maijidda ta aika Gwaggo Barira wurin Inuwa da saƙo: "Cindona, Inna ba ta ci ba ta sha. So take ta ga ɗanta ko sau ɗaya."

Ran na uku da asuba Inuwa ya shiga rafin shi kaɗai, yana tuƙi a hankali. Ba iska, ba kukan tsuntsu. A ƙarƙashin saiwar wani ɓaure ya same shi.

Ubansa Garba, Sarkin Ruwa, ya tare shi a gaɓa.

"Sauke shi nan. Wanda ruwa ya ci a bakin ruwa ake binne shi. Ka kai shi gari, ruwa ya ɗauki wani cikinmu."

"Baba, uwarsa na jira."

"In ka wuce da shi, ba ni ba kai."

Inuwa ya naɗe gawar a tabarma, ya ɗora a amalanke, ya tura ta lungu-lungu har zauren Malam Shehu. Inna ta ga ɗanta, aka yi masa wanka da salla, aka kai shi kusa da kakanninsa. A ranar Garba ya sa gatari ya faskare kwalekwalen.

Da aka yi sadakar arba'in Malam ya kira Inuwa. "Ina kake kwana yanzu?"

"Masallacin kasuwa, Malam."

Malam ya aika a kira masa liman.

Bayan sallar Juma'a aka taru ɗaurin auren Inuwa da Maijidda, ba kiɗa, ba guɗa. Liman ya ce wakilin ango ya matso. Ba wanda ya motsa, don ko mutum ɗaya bai zo daga gidan Sarkin Ruwa ba. Inuwa ya sunkuyar da kai.

Malam Shehu ya dubi ƙaninsa. "Labaran, karɓa masa. Ɗanmu ne."

Aka shafa fatiha. Daga cikin gida Inna ta aiko da tata addu'ar: Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su masu kai su makwanci.