Bakin da Aka Yi wa Fijo

Gab da faɗuwar rana Huefa ta je garejin Kosi ɗauko motarta. Tsohuwar Fijo ce fara, ta girmi Kosin kansa, kuma ita kaɗai mijinta Dosu ya mutu ya bar mata. Da ita take ci. Masu biki a Kwatano suna hayarta don ɗaukar amarya, tunda irinta ta ƙare a gari. Sai dai an fara gudunta, wai ba ta kiɗa. Amaren yanzu tsohuwar mota suke so a hoto, sabuwar waƙa a kunne.

Da ransa, Dosu bai taɓa yarda a gyara rediyonta ba. "Kada a yi wa motar nan baki," haka yake cewa. Huefa ta ɗauka rowa ce, don mutumin ko gishiri sai ya auna.

Don dawo da masu haya ta kai wa Kosi motar, ta ce kayan sauti na zamani take so, amma kada ido ya gan su.

"Maman, nemo su," in ji Kosi, yana goge hannu. "In kin ga lasifika ko ɗaya, na yafe aikin."

Ta leƙa ƙarƙashin kujera, ta shafa ƙofofi, ta buɗe but. Babu. Tsohon rediyon na nan da fuskarsa, kamar ba a taɓa shi ba. Kosi ya latsa wayarta, sai kiɗa ya cika motar ta ko'ina.

"Ya yi," ta ce. "Amma rabi zan ba ka. Ai ban ga abin da ka saka ba."

"Haba Maman, ke fa kika ce a ɓoye."

"Kai kuma ka ɓoye har da shaidarka."

"To, har shara na yi miki kyauta. Bayan rediyon nan na tarar an yanke waya, an cusa jan ƙyalle da kakin zuma a bakin tsohuwar lasifikar. Da ƙyar na ɓamɓare."

"Ina ƙyallen?"

"Na jefa a wuta."

Sai ta tuna gobe akwai amarya, ta tayar da mota.

Gidanta na kan hanyar masunta, can bayan gari. Yashi, itatuwan kwakwa, teku a hagu. Iska na kawo ƙanshin kifin banda. Rana ta nutse rabi, masu jan raga duk sun watse.

Kiɗan ya ragu da kansa, a hankali, kamar wani ya murɗa.

Ta duba wayar. Waƙar na tafiya, sautin ne babu.

Sai numfashi. Daga cikin ƙofa yake fitowa, mai nauyi, mai jiƙa. Warin laka da ruɓaɓɓen ruwa ya danne na kifi. Kujerar baya ta yi ƙara, irin ta wanda ya gyara zama.

Ta kalli madubi. Ba kowa. Amma kujerar ta lotsa, ruwa na tsattsafowa daga cikinta.

"Direba."

Muryar ta fito daga ƙarƙashinta, daga ƙofa, daga rufi, lokaci guda. Ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba.

Huefa ta kashe wayar, ta wurgar da ita ta taga. Tsohon rediyon ya kawo koriyar wuta.

"Direba, an wuce da ni. Na daɗe ina faɗa. Ya toshe min baki."

Nan ta tuna. Wata magariba, tun suna da ƙuruciya, Dosu ya ɗauki wani a wannan hanya, ya dawo gida da zazzaɓi, bai ce komai ba. Daga ranar bai ƙara magana a cikin motar ba in rana ta faɗi, ko da tana zaginsa. Ta ɗauka raini ne.

Sitiyari ya karkata hagu. Ta ja, ya ƙi.

Ta taka birki. Ya tafi ƙasa kamar ta taka tuwo.

Ƙugin teku ya matso.

"Ina za mu?" in ji muryar, cikin raɗa, dab da kunnenta.

Huefa dai ba a taɓa yi mata tambaya a kasuwa ta haɗiye amsa ba. Bakinta ya riga hankalinta.

"Kai ka san inda za ka. Ni gidana zan tafi."

Motar ta tsaya. Kumfa na lasar tayoyin gaba.

"To," in ji muryar. "Gida."

Ta ture ƙofa ta faɗo cikin ruwa. Ta bar takalma, ta bar ɗankwali, ta yi ta gudu ba waiwaye.

Da safe ta tarar da Fijo a ƙofar gidanta, tayoyi jiƙe, ƙofar baya a buɗe.

Dangin amarya suka zo, suka shaƙi warin laka, suka juya. Labari ya zaga. Babu mai haya, babu mai saye. Kosi ya zo ya kwance duk abin da ya ɓoye, ya ƙi karɓar ko sauran rabinsa. Ta je wurin boka. Abu ɗaya ya tambaye ta: "Kin amsa masa?" Da ta gyaɗa kai, ya mayar mata da kazar da ta kawo masa.

Motar yanzu shiru take. Fasinjan ya sauka.

Huefa ta sayo jan ƙyalle da kakin zuma. Ta toshe bakin randa, ramin makulli, tsagar bango, har kunnenta. Maƙwabta na gaishe ta, ba ta amsawa. Ba ta ƙara taya ko tumatir ba.

Amma kullum in rana ta nutse rabi, gefen katifarta yakan lotsa, warin laka ya taso, muryar ta fito ta ko'ina.

"Maman, ina za mu?"