Modem ɗin Gidan Alhaji Rafiu

Ranar da Ɗalhatu ya fara ganin Adijatu, tana tsaye a ƙofar shagon gyaran kwamfuta da yake aiki a unguwar Mansura, can a wata ƙasar Larabawa, ta rungumo wani ɗan akwati, wayoyi na reto a jikinsa. Shekarar 2002 ce, lokacin da sai an haɗa kwamfuta da layin tarhon gida ta wannan akwatin, wato modem, kafin a shiga intanet.

Ta gwada Turanci, ta gwada Larabci, sai ta yi tsaki, ta koma Hausa. "Abin nan zai kashe ni."

"Ba zai kashe ki ba, in sha Allah," in ji Ɗalhatu.

Ta zaro ido. "Kai Bahaushe ne?"

"Daga Gusau."

"Ni Kumasi, unguwar Aboabo." Ta yi dariya, shi kuwa ya manta da sukudireban da ke hannunsa.

Cikin sauri ta zayyana masa. Mubarik, ɗan abokin babanta, ya sauya wa kwamfutarsu babbar manhaja don ya burge ta. Tun daga nan modem ya ƙi kira. Jibi za a rufe karɓar takardun makarantar koyon jinya, kuma ta imel ake so. Babanta ba ya barinta zuwa kafe na intanet, duk maza ne.

Ɗalhatu ya gwada modem ɗin, lafiyarsa ƙalau. "Matsalar tana gida. Zan zo bayan la'asar."

A gidan, baban Adijatu, Alhaji Rafiu, mai kula da direbobin wani kamfanin bas, ya jawo kujera ya zauna daf da bayansa. Ɗalhatu ya ɗaga kan tarho, layi na nan. Ya duba kwamfuta, ba ta ma san da modem a jikinta ba.

"Direba ne babu, Baba."

"Direba? Arba'in ke ƙarƙashina."

Adijatu ta toshe baki da mayafi. Ɗalhatu ya yi bayani cikin ladabi: wata 'yar manhaja ce da ke sa kwamfuta ta gane modem, ta dā kuma ba ta jituwa da sabon tsarin. Ya zaro faifai, ya saka sabuwa, ya kashe ya kunna. Aka tarar lambar kira ma ta goge, ya sake rubutawa.

Modem ya yi ƙit, ya kira, ya saki wannan kukan nasa mai kama da na tsohuwar rediyo. Adijatu ta riƙe numfashi har shafi ya buɗe. Ta yi tsalle ta rungume mamanta, Hajiya Haulatu, da ke shigowa da shayi.

"Mma, ya shiga!"

Kafin magariba takardun sun tafi.

Washegari saƙo ya shigo wayarsa: "Injiniya, na gode. Baba ya ce ka iya aiki, kuma ba ya faɗin haka kan kowa."

Ya mayar: "'Yar Aboabo, ki faɗa wa modem ɗin ya rage lafiya kaɗan."

Wasa yake yi. Amma bayan kwana biyar aka kira shi, ya tarar waya ce ta zare daga bango. Mako ya zagayo, aka sake kira. Wannan karon lamba ɗaya aka sauya a lambar kiran. Ya ɗago ya dube ta, ta kafe silin da ido.

"Adi," ya ce a hankali, "modem ba ya sauya lamba da kansa."

"Wataƙila yana son ganinka ne."

"Shi kaɗai?"

Ta sunkuyar da kai. "Har da mai shi."

Ranar a ƙafa ya koma shago, yana gaida Indiyawa da Misirawan da bai taɓa sani ba.

Mubarik bai ji daɗin wannan zirga-zirga ba. Ya samu Alhaji ya ce yaron nan da gangan yake barin matsala don a riƙa kiransa. Alhaji ya sa aka kira Ɗalhatu.

"Na buɗe maka gidana. Gaskiya ne kana lalata abu don ka dawo?"

Ɗalhatu ya san wadda ta yi. Ya dubi ƙasa. "Ka yi haƙuri, Baba."

"Khalas, magana ta ƙare. Ban san danginka ba, ban san asalinka ba. Kada ka sake zuwa, kada ka sake yi mata magana."

Ɗalhatu ya ɗauki alkawari, ya kuma riƙe. Adijatu ba ta san me aka tattauna ba. Saƙonninta suka yi ta shigowa. "Injiniyana, lafiya?" Sannan, "In na yi laifi ka faɗa mini." Na ƙarshe ya ce: "Na gane. Allah ya ba ka wadda ta fi ni." Ya karanta ya fi sau goma, ya kife wayar.

Bayan mako uku amsar makaranta ta zo: an ɗauke ta. Gida ya kaure da murna, ita kaɗai ke kuka. Da Hajiya Haulatu ta matsa mata, har uwar ta faɗa mata ƙarar da Mubarik ya kai wa Alhaji, Adijatu ta miƙe ta je ta durƙusa gaban babanta.

"Baba, ni na zare wayar. Ni na sauya lambar. Bai taɓa lalata komai ba."

Alhaji ya dube ta. "To me ya hana shi faɗa?"

"Rufa wa 'yarka asiri ya yi, Alhaji," in ji Hajiya.

Da safe Ɗalhatu na kwance wata kwamfuta sai ya ga Alhaji a kansa. Ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Kana da manya a garin nan?"

"Akwai kawuna, Malam Bello, yana tuƙi a Aziziya."

"Ka turo shi. Amma sai ta gama shekarar farko."

Alhaji bai kai bakin titi ba Ɗalhatu ya rubuta: "Adi tawa, babu wadda ta fi ki. Kawu na zuwa Juma'a."

Amsa ta zo nan take: "Yalla, maza, ka ce ya zo da wuri."

Bayan shekara aka ɗaura aure a masallacin unguwa. 'Yan Zangon Kumasi da 'yan Najeriya suka cika layin, aka ci wake da shinkafa irin na Kumasi da tuwon da matar Malam Bello ta tuƙa. Mubarik ma ya zo, ya ba ango hannu ya nemi gafara.

Da za a tafi da amarya, Alhaji Rafiu ya kama hannun Ɗalhatu da nasa biyu.

"Na taɓa cewa ban san asalinka ba. Halinka ya gaya mini. Ga ta nan, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," in ji Ɗalhatu. Daga cikin lulluɓi, Adijatu ma ta amsa.