Man Kaɗanya a Jirgin Halliru

"Innalillahi! Ya'u, ƙaron ba ya kamawa!"

Halliru ya ja gefen yadin faiba, wanda ake manna wa jirgi don kada ruwa ya shiga, sai ga shi ya ɗago daga jikin katakon kamar ɓawon rogo. Tun da safe shi da abokinsa Ya'u suke shimfiɗa yadin a bayan ɗan siririn kwalekwalen, suna shafa masa ƙaron mannawa da burushi, suna korar kumfa. Duka ya tashi a banza.

Ba jirgi ne kawai zai rasa ba. Ran da ya dawo daga Ikko da sana'ar nan ya fara ganin Murja a mashigin kogin Wudil, ta yi masa murmushi, ya manta jakarsa. Da ya nemi aurenta, mahaifinta, Malam Gwadabe masunci, cewa ya yi: "Jirgin tsumma? In ya haye da ni ran kasuwa, na ba ka ita. In ya sha ruwa, Haladu mai tifa yana jira."

Ya'u ya shinshina katakon. "Mai aka shafa. Wallahi aikin Haladu ne!"

Halliru ya zari takalmi zai nufi tasha, sai ya yi kiciɓis da Murja a ƙofar rumfa, da kwanon fura a hannu.

"Yaya Halliru, ka ga yadda ya yi sheƙi? Man kaɗanyar Inna na kwaso jiya na shafe maka shi tas, kada rana ta tsaga shi. Haka Baba yake yi wa nasa."

Ya'u ya kama ciki yana dariya. "To, ga Haladun naka da ɗankwali!"

Da ta gane, hawaye ya cika mata ido. "Ni na kashe aurenmu da hannuna?"

"Haba, farin watana. Wa ya taɓa shafa min mai don ƙauna?" Halliru ya miƙa mata samfefa. "Sai dai yau lallenki zai ji jiki."

Suka goge katakon har ya yi fari, suka wanke, suka shanya, suka sake shimfiɗa sabon yadi.

Ran Juma'a, ranar kasuwa, Malam Gwadabe ya shiga jirgin yana taɓe baki, ya tuƙa har tsallake. Da ya dawo ya shafa ƙasan wandonsa, a bushe. Bai fita ba, ya sake juyawa tsakiyar kogi.

Halliru ya ɗaga murya daga bakin ruwa. "Baba, maganarmu fa?"

"Turo manyanka! Ka bar ni in ɗana."

Aka ɗaura aure bayan Sallah, aka raba goro, tsofaffi suka yi ta sa albarka, Allah Ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Washegari suna karyawa, wata farar Fijo ta tsaya a ƙofar gida. Wani mai baƙin tabarau ya fito, ko sallama bai yi ba.

"Ina mai jirgin nan? Maigidana ya gan shi a kogi, yana son jirgin da maƙerinsa a Ikko. Kuma ba a ce masa a'a."

Murja ta ajiye ludayi, ta riƙe bakin rigar angonta gam.