Igiyar da Ba a Yanke Ba

Sau ɗaya a shekara, gab da girbi, Magajin Gari kan halarci sujada a majami'ar mishan ta Zuru. Ranar ce aka wayi gari ƙararrawa ta yi layar zana, igiyarta kaɗai ke lilo a reshen ɗorawa. Magaji ya ce in rana ta take bai ji ta ba, tsoho Yari mai bugawa zai sha bulala.

Ɗan doka Maharazu, mai tafiya kamar bai gama farkawa ba, ya daɗe yana kallon igiyar.

"Yari, ina kake da sassafe?"

"Rahi. Ni da ko turmi ba ni hawa, ƙaƙa zan hau itace?"

Aka kira Lukuman maƙeri. "Tagulla kam ina so," in ji shi. "Amma da ni na, wuƙa zan sa."

Nan Maharazu ya farka. Ba a yanke igiyar ba. Kwance ta aka yi, aka naɗe bakinta da ƙullin dangwali na ɗaure maruƙa. Makiyayi ko sata yake yi, hannunsa ba ya yarda ya yanka igiya.

Ya kutsa cikin dawa zuwa rugar da ta fi kusa, ta Yero makiyayi. Can ya jiyo muryar ƙararrawar, siririya, kamar a mafarki.

"Kai ka ɗauke ta," in ji Maharazu da ya tarar da Yero yana bugawa.

"Ni na. Innata Nagoggo ta ɓace cikin dawa tun jiya, ba ta gani. Takan ce wanga ƙarhe kaɗai ka gaya mata inda gabas take, shi ya sa ni ka bugawa ko ta ji."

Tausayi ya kama Maharazu, amma rana na hawa. Ya zura ƙararrawar a sanda. "Kama can. Mu tahi sannu, muna bugawa."

Sun iso an fara waƙa, dogari ya riga ya tuɓe wa Yari riga. Maharazu ya durƙusa ya yi wa Magaji bayanin ƙullin. Magaji bai ko dube shi ba.

"Wace ce waccan a bayanku?"

Suka waiwaya. Tsohuwa ce, zanenta jiƙe da raɓa, hannu a miƙe, tana bin sautin.

Yari, ko rigarsa bai mayar ba, ya karɓi ƙararrawar ya yi ta bugawa har tsohuwar ta iso ta shafa fuskar ɗanta Yero.