Hoton Da Ke Bangon Falo

Auta na tsaye a ƙofar falo da farantin kofuna a hannu lokacin da Abbanta ya yanke maganar.

"Na yi bincike, na gama. Yaron ba shi da laifi, amma kakansa gyaran takalma ya yi a bakin tasha har ya mutu. Ba zan haɗa zuri'a da su ba."

"Amma Alhaji, shekara biyu fa yana zuwa gidan nan," in ji Umma a hankali.

"Ko shekara goma ce." Ya nuna babban hoton da ke bango, na wani dogon mutum cikin babbar riga mai aiki har gwiwa. "Dubi mahaifina. Attajiri ne, mutum mai asali. Jikarsa zan kai gidan masu ɗinkin silifa?"

Auta ta ajiye farantin. Ta shige ɗaki ta kife a kan gado tana kuka.

Don Allah wannan wane irin zalunci ne? Saurayin nan da kowa ke kira Injiniya gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, shagonsa nasa ne, ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaga wa babba murya ba. Firjin gidan ma shi ya tashe shi sau biyu, Abba na sa masa albarka. Sai yau, saboda mutumin da ya shekara ashirin a kabari, a ce bai isa ba.

Da ta kira shi a waya, shi ne ma ya koma ba ta haƙuri.

"Kada ki yi wa Abba musu, kin ji? Mahaifinki ne."

"Kai ko ranka bai ɓaci ba? Serious nake fa, zagin kakanka aka yi."

"Ya ɓaci mana. Da kuɗin takalman nan ya sa babana a makaranta, ni alfahari nake da shi. Amma in na ce ki bijire, me na zama?"

Wata uku Auta ta yi tana haɗiye abin, ta rame, murmushi ya ƙaurace mata. Kullum in ta wuce falo sai ta harari hoton nan. Wata Asabar da hantsi abin ya ishe ta, ta shirya ta tafi gidan kakarta, mahaifiyar Abba, wadda ta ƙi barin ɗan gidanta na bayan kasuwa duk da magiyar da ake mata.

Ta tarar da ita a tsakar gida tana ninke zannuwa.

"A'a, yau 'yar gayu ce a gidana? Wa ya mutu?" in ji Kaka. "Ke, me ya cinye ki haka kamar tsinke?"

"Ba komai. Tambaya na zo yi." Auta ta zauna a tabarma, ta ajiye waya. "Zan yi rikodin, don kada na manta. Kaka, mijinki da ake ta cewa attajiri ne, me yake sayarwa? Ina dukiyar ta tafi?"

Kaka ta ajiye zanen da ke hannunta. Can sai ta yi 'yar dariya.

"Shekara hamsin, ba wanda ya taɓa tambayata sai ke. Wanki da guga yake yi, 'yar nan."

"Wanki?"

"Wanki. Yana bin gidaje yana karɓo kaya, ni ina ɗebo ruwa, shi yana dirza. Hannunsa duk sabulu ya cinye shi."

"To rigar da ke hoton fa?"

"Ta wani mai ba shi wanki ce. Ranar ya goge ta, ya tsaya yana kallonta, ya ce shi ma yana so ɗansa ya gan shi cikin kaya sau ɗaya. Ya ruga wajen mai hoto, ya dawo ya sake goge ta, ya kai wa mai ita kafin la'asar, har ya faɗa masa abin da ya yi, mutumin ya yi dariya ya yafe. Bayan shekara ya rasu, babanki ko yaye shi ban yi ba. Muka bar garin. Da babanki ya shiga makaranta yara na ce masa maraya, sai ya ɗauki hoton yana nunawa yana cewa babansa mai kuɗi ne. Na kasa karya masa zuciya." Ta dubi Auta da kyau. "Wai me ya kawo tambayar?"

Nan Auta ta fashe da kuka, ta zayyane mata komai.

Kaka ba ta jira ƙarshen labarin ba. Ta miƙe, ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta.

"Tare mana mota."

Abba na zaune a falo da jarida suka shigo. Ya yi wuf ya miƙe.

"Inna, da kin aiko ai da na zo—"

"Zauna. Kai ne mai asali, ko? Kai ne ka fi ƙarfin jikan mai gyaran takalma?" Ta nuna hoton da sandarta. "To rigar nan ta aro ce. Ubanka mai wanki ne, dattin mutane ya wanke ya ciyar da kai, kuma ban taɓa ganin namiji kamarsa ba. Ka je har tasha kana tone kakan wani, ni da ke raye ka kasa zuwa ka tambaye ni naka. Laifina ne da na yi shiru, amma ba zan bari yarinyar nan ta biya ba."

Umma ta sunkuyar da kai. Abba ya daɗe yana kallon bango, idanunsa suka ciko. Sannan ya juyo ga Auta.

"Ki ce wa Injiniya ya turo manyansa. Ki kuma ce masa ni na roƙi gafararsa."

Haƙurin wata uku ya biya Auta a yini guda, ba tare da ta taɓa ɗaga ido ta kalli mahaifinta da rashin kunya ba. Asalin mutum halinsa ne da guminsa, kuma duk mai shirin auna kakan wani, ya fara zuwa ya tambayi tsofaffin gidansu tun suna da rai.

Abba ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafun mahaifiyarsa, mutum mai furfura a gemu.

"Inna," ya ce, "ba ni labarin babana. Na gaskiyar."