Ranar da Bushira Ta Wanke Aninai

"Mi kac ce?" Bushira ta ƙara manna wayar Inna a kunnenta. "Sake faɗi, Muttaƙa…"

"Na ce ki fito da akwatin yadda na ba ki shi, rabin raina. Kada ko yatsa ya taɓa fuskarsu, balle ruwa. Duhun nan da ke jikinsu shi Mushe, masanin da na ɗauko, zai fara dubawa."

"Duhun…?"

"Shi ne shaidar tsufansu. Muna Malbaza yanzu, bayan la'asar muna ƙofar gidanku. Ki yi mana addu'a, kin ji?"

Ya kashe waya.

A hankali ta juya ta dubi farantin da ke kan tabarma.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ga su nan a baje, aninai masu huda, da kwabbai masu sunan sarkin Ingila, da tsofaffin kuɗin zamanin Faransa masu kan barewa, sai walwali suke kamar sabon kwanon amarya. Tun hantsi take dirzar su da lemun tsami da toka da soson ƙarfe. Har da waƙarta!

Muttaƙa ɗan garin Tajaye ne, kabu-kabu yake yi da moto, wato babur, a Ƙwanni. Bara kakansa ya rasu ya bar masa liyari ɗaya na azurfa a ƙulle cikin tsumma, tun daga nan ciwon tsofaffin kuɗi ya kama shi. Duk ƙauyen da fasinja ya kai shi sai ya tambayi tsofaffi. Ya koyi duba shekara da madubin ƙara girma, ya koyi riƙe su ta gefe, ya koyi naɗe kowane a takardarsa daban don kada su gogi juna. Da damina ta sauka ɗakinsa ya fara yoyo, ya rasa inda zai kai su sai wurin wadda ya fi yarda da ita a duniya. Abin da ya ce kawai shi ne ta ajiye inda babu danshi. Bai ce kada ta wanke ba, don bai taɓa zaton wani zai wanke kuɗi ba.

Alhaji Wakili, mahaifin Bushira, babban ɗan kasuwar hatsi, shi kuwa ya ƙi maganar aurensu ƙememe.

"Yaron da ke bin ƙauyuka yana tara kuɗɗin matattu? Gari duka na cewa tsafi yake! Ba ɗiyata ba."

Da ƙyar Inna ta shawo kansa ya gindaya sharaɗi: a kawo masani ya faɗa a gabansa cewa abin nan sana'a ce, kuma yaron ya san ta. Kafin nan ba fita, ba zance, wayarta ma tana aljihunsa. Shi ne Muttaƙa ya tafi har Tawa ya roƙo Mushe Almoustapha, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya tsufa cikin harkar.

Yau ce ranar. Ita kuma ga abin da ta yi.

"Nazifa!" ta ƙwala kira.

Nazifa ta ɗaga labule tana taunar cingam. Ɗiyar ƙanen Alhaji ce, marainiya, a ɗaki ɗaya suka tashi.

"Ke kika ce in wanke su. Kika ce in Baba ya gan su baƙi ƙirin zai ƙara yarda kayan tsafi ne."

"To ba su yi kyau ba?"

"Muttaƙa ya ce duhun shi ne darajarsu!"

"Au, haka ya ce?" Nazifa ta ɗaga kafaɗa. "Ni ina na sani."

Ta sani mana! Bushira ta tuna ranar da ya kawo akwatin. Ita ta shiga ɗebo masa ruwa, ta dawo ta tarar da Nazifa a zaure tana ta jera masa tambayoyi tana fari da ido, shi kuma sarkin bayani yana ta zuba.

"Kin ji daga bakinsa," Bushira ta ce a hankali. "Kin ji, kika turo ni."

Nazifa ta daina tauna.

"Ni na fara ganinsa, Bushira. Ni yake kaiwa kasuwa kafin ya san da ke. Komai na gidan nan naki ne, shi ma sai ya zama naki?" Ta matso. "Je ki gaya wa Baba. Ya kore ni Bazaga wurin dangin uwata da ba su san ni ba, sai ki ji daɗi."

Ta saki labule ta fice.

Bushira ta zauna dirshan. Ina za ta sa kanta? Ƙofar gida ba ta fituwa. Ta sake kiran Muttaƙa, yana kan moto bai ji ba. Ta ɗauki anini ɗaya ta goga masa baƙin tukunya, ya koma wani abin tausayi, ta goge da bakin zane tana kuka. Ta yi tunanin ta ce an sace, ta tuna Alhaji jandarma zai kira. Ta yi tunanin ta ambaci Nazifa, ta tuna daren da aka kawo ta gidan tana 'yar mitsitsiya tana kiran uwarta. Kowace hanya ta bi sai ta tarar da ita a toshe.

Haka ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya ta mayar cikin akwati.

Bayan la'asar aka shimfiɗa darduma a zaure. Alhaji ya hakimce da carbinsa. Mushe Almoustapha, dogon tsoho mai tabarau, ya zauna gefe. Muttaƙa ya sha farar shadda ta aro, sai murmushi yake. Bushira ta ajiye akwatin ta koma bayan ƙyaure inda Inna take tsaye.

"Alhaji," in ji Mushe, "kafin in buɗe, ka cire maganar tsafi daga ranka. Ilimi ne. A Yamai akwai masu nema, a ƙasashen waje ma haka. Yaron nan ya nuna mini hotunansu a waya, yana da ido."

Ya warware takarda ta farko.

Ya ɗaure fuska.

Ya warware ta biyu. Ya ɗauko madubinsa ya duƙa. Da ya kai ga liyarin sai ya cire tabarau ya share ido.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

Murmushin Muttaƙa ya ɗauke ɗif.

"An kankare su da soso," Mushe ya ci gaba. "Duba karce ko'ina. Mai saye na gani zai ajiye. Abin da aka yi shekaru ana samu, an wanke shi da safiya guda."

"Ato!" Alhaji ya buga carbi a cinya. "Sana'a ce, na ji. Shi fa, ya san ta? A gidana akwatin nan ya kwana. In wani nawa ne ya taɓa, in sani yanzu!"

Muttaƙa ya ɗago. Idonsa ya sauka a kan ƙyauren, inda gefen mayafin Bushira ke leƙowa. Ya gane.

Ya juya ga Alhaji.

"Ni ne, Baba. Ni na wanke su kafin in kawo. Rashin sani ne."

Mushe ya dube shi baki buɗe.

"Kai? Kai da ka hana ni taɓa na aljihunka sai da na wanke hannu?"

"Ni ne, Mushe."

"To magana ta ƙare," in ji Alhaji, ya fara neman takalminsa. "Wanda bai iya tsare ƙarfe ba, ba na ba shi mutum."

Wayyo! Bushira ta yunƙura. Wato ya gwammace ya rasa ta da a tozarta ta gaban baƙo? Inna ta riƙo hannunta, ta fizge.

"Baba, ba shi ba ne!"

Ta faɗo zauren ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ni ce. Yau da safe, da toka da lemu. Na ga ko tukunya ba a fito da ita gaban baƙo da baƙinta, na so ka gan su suna haske ka so shi. Ga hannuna, duba."

Ta miƙa tafukanta, duk sun yi jawur sun saɓule.

"Wa ya sa ki?"

Ta ji numfashin Nazifa a bayan katanga. Ta runtse ido.

"Hannuna ne ya yi, Baba."

Alhaji ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya juya ga Muttaƙa, fuska a murtuke.

"Kai, ka yi mini ƙarya a zaurena."

"Na yi, Baba. A gafarce ni."

"Dukiyarka ta lalata maka. Gadon kakanka. Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji." Muttaƙa ya dubi liyarin. "Wallahi na ji har cikin ƙashina. Amma in ka daka mata tsawa gaban mutane, wannan ya fi mini ciwo."

Alhaji ya yi gyaran murya, ya sake yi. Ya sa takalmi ya miƙe, sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ƙarya dai kada ka kuma. Ka ce wa manyanka na Tajaye ina gida ranar Juma'a."

Inna ta rangaɗa guɗa daga bayan ƙyaure, ta tuna da baƙo, ta toshe baki. Mushe ya ce bari ya je masallaci, ya fita yana girgiza kai yana dariya ƙasa-ƙasa.

Aka bar su su biyu, da Inna a bakin ƙofa.

Muttaƙa ya ɗauki liyarin ta gefe, ya jima yana juya shi. Bushira ta kasa ɗaga kai.

"Ka yafe mini, masoyina… Na kashe maka su."

"Ɗago ki dube ni."

Ta ɗago da jajayen idanu.

"Karcen ba zai tafi ba, ba zan ɓoye miki ba. Kuɗin da za su yi a da, ba za su ƙara yi ba." Ya naɗe liyarin cikin takardarsa a hankali. "Amma azurfa takan sake yin duhu, in aka ajiye ta wuri busasshe aka ƙyale ta."

"Yaushe?"

"Da sauran tafiya. Sai mun yi furfura, wataƙila sai jikoki sun zo."

Ta share hawaye da bayan hannu, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Har tsawon haka?"

Ya rufe akwatin, ya tura shi gabanta.

"Riƙe mana, Bushira. Ni ba inda za ni."