Famfon Ƙanensa Ba Ya Ƙara

Shekara ashirin yana sana'ar yanka waƙa a kan faifan garmaho da inji, amma aikin ƙanensa ake yabo, wai a faifan ƙanen ba a jin gurnanin famfon da ke zuƙe ɓarɓashin yankan. Abin ya tsaya masa a rai. Da dare ya lallaɓa shagon ƙanen, don ya ga irin famfon, ya sayi wanda ya fi shi.

Ya tarar injin na juyi shi kaɗai, tiyo na zuƙe ɓarɓashin shiru. Ya bi tiyon har bayan labule. Babu famfo. Wani tsoho ne tsugune, tiyon a bakinsa, yana jan numfashi ba ya saki.

Tsohon ya zare tiyon, ya ce da muryar marigayi mahaifinsu, "Shagonka na fara zuwa, ƙara ta kore ni."